Kafin Ka Goge Rubutu, Tambayi Bangon

Laccar da aka gabatar a Sabon Gida, gundumar Madawa, jahar Tawa

Na san lokacin aikin albasa ne, kuma wasunku ban-ruwa suka bari suka zo, saboda haka ba zan yi ta zagaye ba.

Duk wanda ya tashi daga nan ya nufi Madawa, ya zarce Buza har Keita, in dai ya iya karatu ba zai yi kaɗaici a hanya ba, domin bangaye za su yi ta yi masa hira. Wannan katanga tana ɗauke da lambar wayar mai haƙa rijiya, waccan ta mai maganin basir. Gaba kaɗan an rubuta an hana fitsari a nan, ƙarƙashinsa kuma ga shaidar cewa ba a hanu ba. Samari sun zana sunan fadarsu, wani ya rubuta Barcelona, wani ya zo da dare ya soke ya sa Real Madrid. Sai kuma na siyasa, wanda ya fi kowanne girma da taurin kai. An yi zaɓen ƙananan hukumomi ran 13 ga Disamba 2020, na shugaban ƙasa da ƴan majalisa ran 27 ga watan, zagaye na biyu ran 21 ga Fabrairu 2021. A watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya, amma fentinsu bai ji sanarwar ba. Yana nan daram a katangar makaranta da ta gidan likita da ta makwabcinka, ruwan hoda da kore da sauran launuka.

Mutane sukan same ni da tambaya guda: da me ake goge wannan? Ni kuma nakan mayar musu da wata: da me aka gina bangon? Ita ce ta farko, kuma ita ce ake tsallakewa. A gine-ginen da aka kira ni in duba, ɓarnar mai gogewa ta fi ta mai rubutu yawa. Mai rubutu ya ɓata fuskar bango, mai gogewa kuwa yakan ci naman bangon, wani lokaci har ya haɗa da hannunsa ko idon yaronsa. Akwai wata makaranta, ba zan faɗi garin ba, inda wani ya ga an rubuta zagi a katanga, ransa ya ɓaci, ya sa aka kawo ruwan batir aka kwarara. Fentin bai ko motsa ba. Simintin da ke kewaye da shi ne ya zagwanye ya koma rairayi, sai zagin ya fito raɗau fiye da da, ya tsaya tudu a kan bangon.

Bari mu fara da namu na gado, ginin laka, tun da shi ne mafi yawa a garin nan. Albishirin da zan yi muku shi ne babu bangon da ya kai shi sauƙin gyara, muddin ba a wanke shi ba. Ruwa da buroshi, waɗanda su ne farkon magani a sauran gine-gine, a nan su ne cuta. Tina, wadda ake tsinka fenti da ita, da kananzir ma ba su da wani aiki a wurin, sai dai su narkar da fentin su shigar da shi cikin ƙasar. Fentin mai ba ya nutsewa a laka sosai, a fatar yaɓe yake tsayawa. To, sai magini ya sa gefen cokalinsa ya kankare fatar nan siririya, ya share ƙurar, ya yayyafa ruwa kaɗan don sabon yaɓe ya kama, ya shafe. Magina suna nan, sun fi ni sanin wannan, hannunsu ne ke yi. Abin da zan ƙara musu biyu ne. Na ɗaya, a ɗebo ƙasar daga kududdufin da aka ɗebo ta farko in da hali, a kwaɓa ta da irin ramnon da aka sa mata, a bar ta ta kwana ta ruɓa yadda aka saba. Ƙasa daban tana bushewa daban, launinta daban, kuma wajen haɗuwarsu ne ake samun tsaga. Na biyu, kada a bi sawun haruffa da yaɓe. Na sha ganin an bi kowane harafi an shafe shi da sabuwar laka, aka wayi gari sunan ɗan takara ya dawo, wannan karon da jar ƙasa. A yaɓe fuskar gaba ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa, ko daga indararo zuwa indararo.

Wanda ya fi wuya a laka shi ne rubutun baƙin mai, wanda ake ɗebowa daga gareji, domin shi yana sha har ciki, kuma sabon yaɓe ba ya kama inda maiƙo yake. Dole a sassaƙe har sai an tarar da ƙasa mai tsabta, a cike ramin kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya sha iska kafin a ɗora wani. Idan bangon mai makuba ne, a jiƙa ɓawon ɗorawa a sake shafe fuskar duka, in ba haka ba wurin gyaran zai riƙa shan ruwan sama alhali gefensa yana zubar da shi.

Ga kuma abin da nake roƙonku da girman Allah: kada a toshe ramin bangon laka da siminti. Na san dalilin da ya sa ake yi, ana ganin siminti shi ne ƙarfi, shi ne ci gaba. Amma laka tana shan laima tana fitar da ita, siminti kuwa yana tsare ta. Sai damshi ya taru a bayan facin, ƙasar ta yi laushi, gara ta samu inuwa, wata rana facin ya faɗo da rabin bangon a bayansa. Ku dubi masallacin Juma'a na Yama, a nan jaharmu, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, har ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ku dubi hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Da yaɓen laka a kan laka suke tsaye. A Jenne ta ƙasar Mali gari guda ke fitowa kowace shekara a sake yaɓe babban masallaci a yi biki. Ginin da ake sabunta wa fata lokaci-lokaci ba ya riƙe rubutun kowa. In kuwa bangon mai zane ne, irin adon da ake yi a fuskar zaure kamar na unguwar Birni a Damagaram, kada yaro ya taɓa shi, a kira gwanin da ya san zanen.

Bangon da aka shafa wa farar ƙasa ɗan'uwan na laka ne wajen sauƙi: a kankare, a sake shafawa. Sai dai farar ƙasa ba ta zama a kan fentin mai, kuma tawadar maka tana ratso ta ta fito ko an yi shafi uku, saboda haka kankarewar ba ta da makawa. Shafi siriri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda zai tsattsage ya zube. Gawayi da alli kuwa, a kowane bango, a fara kakkaɓe su a bushe da tsintsiya mai laushi. Wanda ya fara da ruwa a kan gawayi ya mai da layi ɗaya baƙin tabo mai faɗin faifai.

Yanzu siminti. Muna alfahari da shi, tun shekarun 1960 ake yin sa a Malbaza, kusa da mu. Ido yana ganinsa kamar dutse, amma cike yake da ƙananan ƙofofi, yana sha. Wanda ya jiƙa tsumma da tina ya hau gurzar bangon siminti tsirara, wato wanda ba a yi wa fenti ba, yana narkar da fentin ne yana tura shi cikin ƙofofin nan. Sama za ta yi haske, amma inuwar rubutun ta zauna ke nan, kuma inuwar ta fi rubutun wuyar fita. Dabarar ita ce a jawo fentin waje. Iyayenmu mata sun san yadda ake barbaɗa hoda ko garin alli a kan maiƙon da ya zuba a zane, a bar shi ya tsotse. Haka za a yi wa bango. A samu gari mai sha, ko yumɓu busasshe da aka niƙa aka tankaɗe, ko farar ƙasa, ko garin katako mai laushi daga wurin kafinta, a kwaɓa shi da tina ya yi kauri, a shafa a kan rubutun kaurin ɗan yatsa, a rufe da leda a manne gefenta. Ledar ce ke hana tinar tashi kafin ta yi aiki. Bayan wani lokaci a yaye ledar, a bar kwaɓin ya bushe, yana bushewa yana jawo narkakken fentin cikinsa, sannan a kankare da katako ko roba, a wanke da ruwan omo da buroshin roba. Sau ɗaya ba ya isa, a maimaita. Aikin haƙuri ne, kuma na safiya ne ko yamma, domin da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tina takan ƙafe a bango kafin ka juya.

Tsohon fentin mai da ya ƙi jin tina yakan ji sodar sabulu, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Ana narka ta a kaurara ta da sitaci don ta zauna a bango, tana cin man da ke cikin fentin har ya yi laushi ya saki. Siminti yana jure mata, amma sai an ɗauraye shi sosai, in ba haka ba bayan kwanaki farin gishiri ya feso, sabon fenti kuma ya ƙi zama. Zan dawo kan soda, domin ita ce ta fi kai mutane likita. Abin da siminti ba ya jurewa shi ne duk wani abu mai tsami mai ci, ruwan batir da ire-irensa. Injin wankin mota yana taimakawa in an ja baya, an buɗe bakinsa ruwan ya bazu. In aka matso aka tsuke bakin, ruwan zai sassaƙa rubutun a jikin simintin, ka cire fenti ka bar zane.

Yaɓen feshi mai ƙurji-ƙurji, wanda muke kira tiroliyan, gaskiya ba ya goguwa. Fentin yana shiga kowane lungu na ƙurjin, buroshi kuma yana karya ƙurjin ya bar wuri sumul a tsakiyar bango. A rage abin da ya ragu, a sake fesa wani a kai. Bangon da aka riga aka yi wa fenti ma haka: abin da zai narkar da fentin mai rubutu zai narkar da na mai gida. In rubutun sabo ne, na yau ko na jiya, ana iya dacewa da ɗan tina a tsumma, a dangwala a ɗauke, ana juya tsumman zuwa wuri mai tsabta. In ya kwana biyu a rana, sai sabon fenti, a fara da shafin share fage mai toshe tabo, a kuma shafe fuskar duka. Ko gwangwanin da ya rage tun ranar da aka yi wa gidan fenti ka ɗauko, launin ba zai zo daidai ba, domin rana ta riga ta ci na bangon.

Mutanen Buza da Keita, ku naku dutse ne. Ƙasar Adar ba ta rasa shi ba, kuma tun da aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, aka jera duwatsu ba iyaka a tuddai da ƙoramu, mafi yawa a kan iyayenmu mata aka ɗauko su. Ana gina harsashi da katanga da madatsun ruwa da shi. Dutse ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari ko ruwan ƙasa-ƙasa, dangin wanda ake ƙonawa a Malbaza a yi siminti. Ku ɗiga masa lemun tsami a wani gefe, in kun ga yana ƴar kumfa to shi ne, kuma duk abu mai tsami zai cinye fuskarsa. Akwai jan marmara da baƙin dutse mai ƙarfe a jiki. Shi kuma soda tana iya tayar masa da tabo mai launin tsatsa wanda ba ya fita. Abin da ya dace da su duka shi ne kwaɓin nan na gari da tina, da ruwa, da buroshin roba. Buroshin waya yana karce dutse, yana kuma barin ɓurɓushin ƙarfe da zai yi tsatsa da ruwan farko. A Turai da Amurka an yi zamanin da ake wanke tsofaffin gine-gine da feshin rairayi mai ƙarfi. Sun yi fes a ranar, amma an cire musu tauraruwar fatar da ke kare su, suka riƙa shan ruwa suna marmashewa, har masu kula da gine-ginen tarihi suka dawo suna hana yin haka. In ɗan inuwa ya rage a dutse, ku bar shi. Rana da iskar hunturu mai rairayi za su ci shi a hankali, ba tare da sun ci dutsen kamar yadda injin gurza zai yi ba.

Ƙyauren ƙarfe da ƙofar shago ba su da wahala, tun da ƙarfe ba ya sha. Ɗan tina a tsumma, wuri kaɗan-kaɗan, da sauri kafin ta kai ga fentin ƙasa, sannan ruwan sabulu. In ƙarfe ya fito tsirara a shafa masa maganin tsatsa a ranar. Kwanon rufi da alminiyam kuwa kada soda ta kusance su, tana cin su, tana kuma fitar da iska mai kama wuta. Kada a gurje kwano da takardar gurza, farin rufin da ke jikinsa shi ne ke hana shi tsatsa. Gilashi da tayil, ruwan sabulu da sabuwar reza a kwance. Roba, irin tankin ruwa da allon shago da allunan hanya masu ƙyalli da dare, tina tana narkar da su ko ta dusashe su. A gwada man gyaɗa, ko ruwan wanke hannu mai alkol da muka saba da shi lokacin korona, wanda yake cire tawadar maka sosai. Katako a bi tsawon jijiyarsa, kuma a sani soda tana baƙanta shi. Hotunan takarda da aka manna da koko ko sitaci, a jiƙa su da ruwan ɗumi a ba su lokaci, za su saki da kansu, sai fa a bangon laka, inda za a ɓanɓare su a bushe. A kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, wuri kamar tafin hannu, a jira ya bushe a gani.

To, yanzu ga maganar da ta fi bango. Wa ke yin aikin nan? Ba mai gida ba ne, ba ma babban mai fenti ba ne. Yaron shago ne, ko ɗan lakwal da aka ce ya goge abin da ya rubuta, ko almajiri da aka ba dala ashirin. Su ake miƙa wa kwalbar fetur da tsumma. Fetur ba abin goge bango ba ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana tafiya, ya tarar da murhun mai shayi ko guntun taba a nesa, wutar ta biyo shi ta dawo hannun yaron. Tina ma tana kamawa, kuma shaƙarta a ɗaki rufe tana sa jiri da ciwon kai har suma. Ƙyallen rufe hanci yana rage ƙura, amma ba ya tare tururi ko kaɗan. Maganin tururi iska ce, a buɗe ƙofa da taga. Kuma mun san halin da wasu yaranmu suke ciki da shaƙe-shaƙen sholisho, saboda haka babba ya riƙe gwangwanin, ya kulle abin da ya rage.

Soda kuwa, a zuba ta cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa a kai, domin tana zafi tana tartsatsi. A bokitin roba, da safar hannu ta roba mai kauri, da tabarau mai rufe gefe. Ƙunarta ba ta zafi nan take, santsi za ka fara ji a yatsa, alhali fatar ce ke narkewa. In ta faɗa ido, ko ita ko farar ƙasa ta kanti wadda ake ƙona dutse a samu, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, aƙalla minti 20 ba tsayawa, sannan a tafi likita. Kada a tsaya neman nono ko man shanu, kada garin neman gira a rasa ido. Narkakkiyar soda kamar ruwa take, kuma yara da yawa a ƙasashenmu sun sha ta don an ajiye ta a gorar lemo, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke har abada. Wanda ya sha kada a sa shi amai, abin zai sake ƙona hanyar da ya bi, a garzaya da shi. Kada kuma a haɗa ruwan jabel, wanda ake wanke fararen kaya da shi, da wani abu mai tsami don wai ya ƙara ƙarfi, iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Akwai wani maganin cire fenti na gwangwani mai aiki kamar sihiri. In kun ga an rubuta dichlorométhane a jikinsa ku yi hattara. Ya kashe masu aiki a ɗakuna rufe, har Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a shi, Amurka ma ta bi sahu a 2019. Kayan da aka hana a can sau da yawa kasuwanninmu suke nufowa.

Saura dalma. Wasu fentin mai, musamman ja da rawaya da tsohon jan maganin tsatsa, suna ɗauke da ita. Muddin fentin yana manne, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka gurje shi a bushe ko aka babbake shi da wuta, ya zama ƙura da hayaƙi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Makwabtanmu na Zamfara sun ga abin da ƙurar dalma ke yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tasu daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma wadda ba ta kashe ba tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro. A jiƙa kafin a gurza, a shimfiɗa leda a ƙasa ta tare ɓurɓushin, a kawar da yara da masu ciki. Ruwan wankin da ragowar kwaɓin kuma kada a zubar da su kusa da rijiya. Ku da ke noma a fadamar Tarka kun fi kowa sanin yadda ruwa yake kusa a ƙasan nan.

Ba kowane rubutu ne na gogewa ba. Alamar alli da masu rigakafin shan inna ke yi a ƙofa ita ce ke gaya wa masu bin sawu gidan da aka shiga da inda aka rasa yaro, a bar ta har zagayen ya wuce. Haka lambar masu ƙidaya. In barazana aka rubuta wa mutum ko ƙazafi, a ɗauki hotonsa da waya a nuna wa mai gari ko jandarma kafin a taɓa, kada fushi ya sa ka goge shaidarka da hannunka. In aya ce ko sunan Allah, abin da aka kankare a tara shi a wuri mai tsarki, kada ya bi kwata. Malamai suna nan, su za su faɗa mana yadda ya fi dacewa. Akwai kuma zanen da ya girmi kakannin kakanninmu. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Matafiyin da ya tarar da irin wannan a daji kada ya ƙara sunansa a kai, in kuma wani ya riga ya ƙara, kada ya ce zai gyara. Wannan aikin masana ne.

Ta yaya za a rage sabon rubutu? Hanawa ɗungurungum ba ta taɓa yiwuwa ba. Garin Fomfei na Italiya, wanda tokar dutse mai aman wuta ta binne a shekara ta 79, da aka tone shi an tarar da tallan ƴan takara sama da dubu biyu a bangayensa, da jan fenti da baƙi. Har masu sana'ar shafa farar ƙasa gare su, waɗanda ke share bango kafin a rubuta sabo. Birnin Niyok kuma ya sha fama da rubutu a jiragen ƙasansa, sai a 1984 hukumar jiragen ta ɗauki ƙa'ida: taragon da aka wanke, in aka sake rubutu a jikinsa, ba ya ɗaukar fasinja sai an goge. A 1989 aka janye na ƙarshe mai rubutu. Mai rubutu so yake a gani, in ya san kafin hantsi an shafe, sai ya ji asarar kuɗin fentinsa. Saurin yana da wata riba, domin fentin kwana ɗaya bai gama tauri ba, na wata shida kuwa rana ta gasa shi.

Ni a ganina yaron da ya ɗauki gawayi ya rubuta sunansa a katanga ba mai laifi ba ne, ɗalibi ne da bai samu allo ba, kuma tsintsiya ta isa ta gyara abin da ya yi. Wanda ya kamata a tsare shi ne babba mai kuɗin sayen fentin mai, ɗan kasuwa ko ɗan siyasa, da zai aiko a shafe katangar marayu ba sallama. Shawarata ga ma'aikatar magajin gari ita ce a gina bango biyu ko uku, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a tasha, a yi musu yaɓen siminti sumul a shafa farar ƙasa, kowa ya yi tallarsa a nan, a sake shafewa duk wata. Mai son katangar wani kuma ya nemi izinin mai ita, ya yi da fentin ruwa, ya ajiye kuɗin gogewa a hannun mai unguwa tun kafin a buɗe gwangwani. Makarantu su yi nasu gyaran a watan Satumba, kafin yara su koma a Oktoba. Masu ginin laka su haɗa shi da yaɓen da suka saba yi kafin ruwa ya sauka, ba sai an yi aiki biyu ba.

Mai gabatarwa ya ce akwai lokacin tambayoyi kafin la'asar. Ina roƙon a fara ba sarkin magina dama, domin na ga ya girgiza kai lokacin da nake maganar makuba, kuma ina so in ji yadda su suke haɗa tasu a nan.